Ihun da Ban Taɓa Jin Kaina Na Yi Ba

A wani dare cikin watan Maris na 2021, lokacin da zafi ya kori mutanen Gombe daga ɗakuna zuwa tsakar gida, na farka na tarar da kaina a tsaye kusa da randar ruwa, gwiwata ta dama tana zubar da jini, maƙwabta uku kuma suna bakin zaure da gora da tocila suna tambayar ta ina ɓarayin suka bi. Uwargidana tana durƙushe a kan tabarma tana ta salati, yara sun maƙale a jikinta suna kuka. Ni kuwa ban san hawa ba ban san sauka ba, illa dai zuciyata tana dukan ƙirjina kamar za ta ɓallo, rigata kuma ta jiƙe sharkaf da gumi. Sai daga baya ta ba ni labarin cewa bai fi awa ɗaya da rabi da kwanciyata ba na zabura na zauna, na kwarara ihu irin wanda ba ta taɓa jin babban mutum ya yi ba, idanuna a buɗe amma ba na ganinta, ta kira ni ban amsa ba, ta riƙe hannuna na fizge, sannan na miƙe da gudu na yi karo da turmi. Unguwarmu ta sha fama da 'yan Kalare, wato 'yan daban Gombe, a shekarun baya, saboda haka duk wanda ya ji ihu da tsakar dare ba ya tsayawa neman ba'asi kafin ya ɗauko sanda. Na ba maƙwabtan haƙuri, na ce musu kunama ce ta harbe ni, suka yi mini sannu suka koma gidajensu.

Ni malamin lissafi ne a makarantar sakandare, a lokacin shekaruna 41, da 'ya'ya huɗu, kuma a tunanina firgita cikin barci abu ne na yaran goye da 'yan yaye, ba na magidancin da ɗalibai ke miƙewa tsaye idan ya shiga aji ba. Na ɗauka abin na dare ɗaya ne. Bayan kwana biyar ya sake dawowa, daga nan ya zama sau ɗaya ko sau biyu a kowane mako, har na kwashe shimfiɗata na koma ɗaki na rufe taga a cikin wannan zafi, domin na gwammace in dafu da in sake yi wa maƙwabta ƙaryar kunama.

Akwai kuma wani abu da ya riga wannan daɗewa tare da ni. Ranar Alhamis 16 ga Yuli, 2015, ana jajibirin ƙaramar salla, ina cikin babbar kasuwar Gombe da yamma ina neman wa babbar 'yata takalmin salla lokacin da bama-bamai biyu suka tashi, suka kashe mutane kusan 50. Allah ya tsare ni ban ji ko ƙwarzane ba, amma na ga abin da ba na son bayyanawa a nan. Tun daga wannan shekara wani mafarki guda ya riƙa ziyartata: ina cikin kasuwa riƙe da ƙafa ɗaya ta takalmin yarinya, ina neman ɗayar, hayaƙi yana tasowa daga ƙarshen layi, ƙafafuna sun yi nauyi kamar an ɗaura musu buhun masara, ina kiran sunan 'yar tawa murya ta ƙi fita. Daga wannan mafarki nakan farka sarai, in tuna kowane ɗan abu da ke cikinsa har launin takalmin, kuma barci ba ya sake ɗaukata sai an kira sallar asuba. Ya yi sauƙi na wasu shekaru, sai ya dawo da ƙarfinsa a daidai lokacin da ihun ya fara, don haka na ɗauke su abu ɗaya ne, wato mafarkin ne ya tsananta har yake sa ni ihu.

Da maganar ta kai kunnen Inna, ba ta yi wata-wata ba ta ce iska ne ko kuma sammu, domin a shekarar aka ƙara mini girma a wurin aiki. Aka kawo rubutu a jarka na riƙa sha da shafawa, aka kawo tazargade da habbatus sauda ana yi mini hayaƙi da magariba har idanuna su yi ja, wani ƙanin mahaifina kuma ya haɗa ni da mai ruƙiyya wanda ya zo gida sau uku ya yi karatu a kaina. Ban faɗi ba, ban yi magana da wata murya ba, shi ma da yake mutumin kirki ne ya ce bai ga alamar shafar aljani a tare da ni ba, ya kuma ƙi karɓar kuɗin zuwansa na uku. Abin da na amfana da shi a wannan tsakani shi ne komawa ga ladubban kwanciya da na yi sakaci da su: alwala, Ayatul Kursiyyu, ayoyi biyu na ƙarshen Baƙara, da Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi sau uku a tofa a tafin hannu a shafe jiki. Idan mafarkin kasuwa ya tashe ni kuma, nakan yi tofi sau uku ta hagu, in nemi tsari daga Shaiɗan, in juya kwanciya ko in tashi in yi nafila kamar yadda hadisi ya koyar, kuma gaskiyar magana hakan yana kwantar mini da hankali. Sai dai wannan duka yana buƙatar mutum ya san ya firgita, alhali a daren ihu ni ba na nan balle in yi tofi, sai gari ya waye a ba ni labarin kaina.

Wajen watan Yuli na yi kuskuren da mutane da yawa ke yi. Na je wani kemis na ce ba na samun barci, mai shagon ya ƙirgo mini ƙwayar barci ta dangin Valium ba tare da takardar likita ba, ya ce in riƙa shan ɗaya kafin kwanciya. Ihun ya ragu na kusan mako uku, amma na riƙa wuni kamar wanda aka jiƙa, ina gyangyaɗi a ɗakin malamai, har wata rana na rubuta lissafi a allo na tsaya ina kallonsa na rasa mataki na gaba. Da na tsorata na daina shan ƙwayar farat ɗaya, sai mafarkin kasuwa ya zo mini dare huɗu a jere, da muni fiye da yadda na taɓa ganinsa.

Abin da ya kai ni asibiti ya faru ne a watan Oktoba. A cikin firgitar wani dare uwargidana ta yi ƙoƙarin danne ni don kada in fita, na kai hannu ban sani ba na buge ta a baki, leɓenta ya fashe. Da safe ta kawo mini koko, ta zauna a bakin gado ta ce, "Malam, ni ban riƙe ka da komai ba, na san ba ka cikin hayyacinka. Amma auta yana kwana a ɗakin nan, kuma jiya saura ƙiris ka taka shi. Don Allah mu je asibiti, in ka ga dama ka ce ni ce ba ni da lafiya ka rako ni." Ban iya ɗaga kai na dube ta ba. Na ce mata to.

Kafin mu je sai da na warware wani ƙulli a zuciyata. Tun muna yara aka koya mana cewa ba a ba da labarin mugun mafarki, kuma wannan yana cikin hadisi ingantacce, don haka na shekara shida ban gaya wa kowa abin da nake gani ba, har ita uwargidan. Na sami limamin masallacinmu bayan sallar isha na ce, "Allah gafarta Malam, idan likita ya tambaye ni abin da nake gani a mafarki, na saɓa idan na faɗa masa?" Ya ce mini abin da aka hana shi ne mutum ya riƙa yawo da mafarkinsa yana ba kowa yana neman fassara, har wani ya fassara masa da sharri ya ƙara masa tsoro, amma mara lafiya da ke neman magani hukuncinsa daban ne, tun da har al'aura ana buɗe wa likita idan lalura ta kama. Ya ƙara da cewa malamai sun kasa mafarki gida uku, na bushara daga Allah, da na tsoratarwa daga Shaiɗan, da kuma wanda rai ke maimaita abin da ya dame shi, kuma a ganinsa nawa ya fi kama da na ukun. Na fita daga masallacin da sauƙin zuciyar da na daɗe ban ji ba.

Mun isa asibitin gwamnati da ƙarfe bakwai na safe, muka yanki kati, aka auna mini jini da nauyi, muka zauna a benci har bayan sha ɗaya kafin a kira ni. Likitan farko ya saurare ni na 'yan mintoci, ya sa aka duba mini zazzaɓin cizon sauro da sukari, sannan ya rubuta takardar tura ni sashen masu lalurar ƙwaƙwalwa da halayya. Da na karanta sunan sashen sai gabana ya faɗi, domin mu Hausawa da an ambaci likitan ƙwaƙwalwa sai tunaninmu ya tafi Dawanau da mari da ɗauri. Na yi kwana tara takardar tana cikin aljihun babbar rigata kafin in koma, kuma ranar da na koma na zaɓi benci na ƙurya saboda tsoron kada mahaifin wani ɗalibina ya gan ni. Mutanen da na tarar a layin kuwa ba su bambanta da na layin hawan jini ba: wata tsohuwa da jikarta, wani direban tanka, da wata matashiya mai jego.

Likitar da ta gan ni mace ce mai natsuwa, kuma abin da ya fara ba ni mamaki shi ne yawancin tambayoyinta uwargidana ta yi wa. Ta tambaye ta ƙarfe nawa nake kwanciya, ƙarfe nawa ihun ke zuwa, minti nawa yake ɗauka, ko idona a buɗe yake, ko jikina yana sanƙarewa ko yana karkarwa, ko ina cizon harshe ko fitsarin kwance, ko ina minshari har numfashina ya ɗauke. Uwargida ta amsa wasu, wasu kuma ta ce ba ta lura ba saboda tsoro. Daga nan likitar ta juyo gare ni ta ce, "Malam, ranar wanka ba a ɓoyon cibi, ka gaya mini abin da kake gani." Na ba ta labarin kasuwa da takalmi, karo na farko da na furta shi da bakina, uwargidana tana gefe tana share hawaye da bakin mayafi. Sai likitar ta yi tambayar da babu wanda ya taɓa yi mini, ta ce a daren da na yi ihu, wannan mafarkin nake tunawa idan na farka? Na yi shiru ina tunani, sannan na ce a'a, a daren ihu ba na tuna komai, sai dai wani lokaci in ji kamar wani abu mai nauyi zai rufto mini. Ba ta ba ni magani ko ɗaya ba a ranar. Ta ce mu sayi littafin rubutu mu riƙe shi mako huɗu, mu rubuta lokacin kwanciya, da abin da na ci ko na sha daga la'asar, da lokacin da abin ya faru, da ko na tuna mafarki, kuma idan da hali uwargida ta ɗauki bidiyon firgitar da waya, daga nesa.

Na ja wa littafin layuka da rula kamar rajistar aji, uwargida ta ajiye shi ƙarƙashin matashinta tare da biro da ƙaramar tocila. A cikin kwana 28 ta rubuta ihu sau bakwai, ni kuma na rubuta mafarkin kasuwa sau biyar. Da na zauna na jera lokutan, sai abin ya fito fili kamar amsar lissafi: duk ihun bakwai sun faɗo ne tsakanin ƙarfe 12:50 da 1:40 na dare, wato awa ɗaya zuwa biyu bayan na kwanta, mafarkin kuwa bai taɓa zuwa kafin ƙarfe huɗu na asuba ba, kuma sau ɗaya kaɗai suka haɗu a dare guda. Bidiyon ma ta samu ta ɗauka. Na kalle shi sau ɗaya, na ga wani mutum mai kamata zaune a kan katifa ido a zazzare yana ture iska da hannu biyu yana cewa "ku fitar da su, ku fitar da su", bayan kamar minti uku ya koma ya kwanta kamar ba a yi komai ba. Ban sake kallonsa ba, amma ban bari ta goge shi ba sai da likita ta gani.

Bayanin da likitar ta yi mana da muka koma shi ne ya raba mini gardamar da na shekara ina yi da kaina. Barci ba abu ne guda shimfiɗaɗɗe ba, yana tafiya ne zagaye-zagaye, kowane zagaye kimanin minti 90, kuma a cikinsa akwai barci mara nauyi, da barci mai nauyi sosai, da kuma wani mataki da idanu ke motsi da sauri a ƙarƙashin fatar ido, wanda a cikinsa ake yin mafi yawan mafarkai masu labari. Daga baya na karanta cewa a 1953 masu bincike a Jami'ar Shikago ta Amurka suka fara bayyana wannan mataki na motsin ido. Barci mai nauyi ya fi yawa a farkon dare, na motsin ido kuma yana ƙara tsawo ne idan asuba ta gabato. Firgitar barci irin tawa tana fitowa ne daga barci mai nauyi, lokacin da wani sashe na ƙwaƙwalwa ya farka, wanda ke kula da tsoro da motsi da bugun zuciya, alhali sashen da ke sani da adana abin tunawa yana can yana barci, shi ya sa mutum yake iya ihu da gudu ido a buɗe kuma ya wayi gari bai san an yi ba. Mugun mafarki kuwa ɗan barcin motsin ido ne, a lokacin jiki yana saki tsokoki ba sa aiki, don haka mai mafarkin ba ya gudu da ƙafarsa, yana farkawa ne da cikakken hankali da labarin abin da ya gani. A nan na tambaye ta game da dannau, wanda ya taɓa kama ni sau biyu ina saurayi, ta ce shi ma daga wannan mataki yake, hankali ne ke riga jiki farkawa, mutum ya ji ana danne shi ya kasa ɗaga ko yatsa na ɗan lokaci. Ashe baƙi biyu nake saukewa a gidana, na farkon dare da na goshin asuba, ina yi musu kallon mutum ɗaya.

Duk da haka ba ta yanke hukunci ba sai da ta kore wasu abubuwa. Akwai nau'in farfaɗiya da ke tashi cikin barci kawai kuma yana iya kama da wannan, saboda haka ta tura ni gwajin da ake manna wayoyi a fatar kai a auna lantarkin ƙwaƙwalwa, sakamakon ya fito babu abin damuwa. Ta yi ta nanata tambayar minshari, domin toshewar numfashi a cikin barci tana yawan tayar da mutum rabi da rabi, ta haifar da irin wannan firgita. Ta bi magungunan da nake sha ɗaya bayan ɗaya, ta ce wasu magungunan hawan jini da wasu na zazzaɓin cizon sauro suna iya jawo munanan mafarkai, haka ma daina ƙwayar barci farat ɗaya, wanda ya bayyana mini darare huɗun nan na watan Yuli. Sannan ta ce in tambayi mahaifiyata ko na yi irin wannan ina yaro. Da na tambayi Inna sai ta yi dariya ta ce, "Kai da har tafiya kake yi cikin barci? Sau nawa babanka ya tsinto ka a bakin turken awaki?" Abin yana bin jini, ya fi yawa a yara, yawancinsu kuma suna rabuwa da shi kafin su balaga, amma yakan dawo wa wasu a girma idan aka tara musu gajiya da damuwa da ƙarancin barci.

Ƙarancin barcin nan kuwa littafin ya tona mini asiri a kansa. Tun farkon 2021 na ƙara ɗaukar darasin yamma don albashi ya daina kai mu ƙarshen wata, daga can in wuce majalisa wajen mai shayi, in sha kofi biyu mai kauri, in ci goro ɗaya ko biyu, in dawo in yi makin takardu har kusan sha biyu, in tashi ƙarfe biyar saura don asuba. Awa biyar ke nan a daren da aka yi sa'a, alhali baligi yana buƙatar bakwai ko fiye. Wanda ya tara bashin barci, jikinsa yana biya ne da barci mai nauyi fiye da ƙima, kuma daga can firgitar ke fitowa. Sinadarin kafeyin da ke cikin goro da shayi kuma yakan ɗauki wajen awa biyar kafin rabinsa ya bar jini, don haka goron ƙarfe tara yana nan yana aikinsa da ƙarfe biyu na dare.

Matakan da aka ɗora ni a kai ba su da wani armashi, kuma na fi shan wuyar su fiye da yadda zan sha wuyar haɗiyar ƙwaya. Kwanciya ƙarfe goma daidai kowace rana har Asabar da Lahadi, babu goro babu shayi bayan azahar, makin takardu ya koma ɗakin malamai da rana, sannan ƙailula ta minti 20 zuwa 30 idan na samu. Barin goro ya sa ni ciwon kai na kusan mako guda, barin majalisa da wuri kuma ya jawo mini zolayar abokai cewa uwargida ta kafa mini dokar hana fita. Mun kwashe duk abin da zai iya yi mini rauni daga ɗakin, muka sauke katifa ƙasa, auta ya koma ɗakin yayyensa, ana kulle ƙofa a cire makulli. An gaya wa uwargida kada ta sake riƙe ni ko ta girgiza ni ko ta watsa mini ruwa, domin mai wannan hali idan aka tare shi da ƙarfi yana ƙara rikicewa ne har ya kai duka, ta tsaya gefe kawai ta kare ni daga bango da ƙofa, ta yi magana a hankali, ta bar abin ya wuce da kansa. Da yake lokacin firgitar ya kusa zama sananne, likitar ta sa mu gwada wata dabara na mako uku: uwargida ta saita ƙararrawar waya kimanin minti 20 kafin lokacin da abin ya saba zuwa, ta taɓa ni har in motsa in amsa mata, sannan ta bar ni in koma barci. A mako ukun nan sau ɗaya kawai na yi ihu.

Mafarkin kasuwa shi ya fi taurin kai, kuma maganinsa ya fi ba ni dariya da farko. Likitar ta ce in zauna da rana, ba da dare ba, in rubuta mafarkin, sannan in sauya shi yadda na ga dama, in riƙa rufe ido ina bin sabon labarin a zuciyata minti 10 zuwa 20 kowace rana. Na ce mata, "Likita, mafarki ai ba fim ba ne da za a sake ɗauka." Ta ce mafarkin da ya shekara shida yana maimaituwa ya zama kamar karatun da ƙwaƙwalwa ta haddace, kuma abin da aka haddace ana iya koya mata wani a madadinsa. A matsayina na malami wannan hujja ta shige ni. A sabon labarin, ina tsaye riƙe da ƙafar takalmi ɗaya sai mai shagon ya sunkuya ya zaro ɗayar daga ƙarƙashin tebur, muka yi ciniki, hayaƙin da ke ƙarshen layi ya zama na mai tsire, na hau Keke Napep na koma gida yarinyar ta gwada takalmin ya yi mata daidai. Na riƙa yin wannan bita bayan sallar la'asar a kan dardumata. Kwanakin farko da na rufe ido sai ƙirjina ya ɗaure in kasa kaiwa wurin ciniki, amma a mako na biyar na yi mafarkin kasuwa, ga takalmin ga layin, hayaƙin bai zo ba, na farka ne kawai da jin kiran salla. Mun kuma yi zama shida da likitar a kan ranar bam ɗin kanta, inda na gane cewa shekara shida ban sake bi ta layin masu takalma ba, kuma duk fashewar tayar mota sai ta sa hannuna rawa.

Abin bai tafi a miƙe ba. A goman ƙarshe na azumin 2022, da tahajjud da sahur suka yanyanka mini dare gida uku, ga zafin Afrilu, na yi ihu sau uku cikin mako ɗaya, a ɗaya daga ciki har na fasa gilashin taga da gwiwar hannu. Na koma asibiti da jin cewa duk wahalar ta tashi a banza, likitar ta buɗe littafin ta nuna mini cewa a wannan mako ban taɓa haɗa awa huɗu a jere ba. A azumin da ya biyo baya na tsara abin tun kafin a ga wata: ina kwanciya da an idar da tarawihi, ina rama barci bayan azahar, kuma ba kowane dare nake fita tahajjud ba, na sami limaminmu ya ce mini jiki ma yana da hakki a kaina. Zazzaɓi ma yakan dawo da shi, don haka duk ranar da jikina ya yi zafi mukan cire makulli mu sauke fitila daga kan tebur tun kafin a kwanta.

Tafiya ita ce ta rage mini da wuya. Da aka tura mu bita Bauchi aka haɗa ni ɗaki da wani malami, sai da na cije na gaya masa tun da rana cewa idan ya ji na yi ihu da dare kada ya taɓa ni, kada kuma ya kira kowa, minti biyu ko uku ne zai wuce. Ya dube ni ya ce ƙaninsa ma haka yake yi, shekara goma ana kai shi wajen masu magani. Na rubuta masa abin da zai sa matar ƙanin ta riƙa lura da shi a bayan takardar jadawalin bitar. Maƙwabcina da ya fara zuwa da gora a daren farko ma na gaya masa gaskiya cewa babu wata kunama, ya ce ai tun a daren ya sani, domin bai taɓa ganin wanda kunama ta harba jini yana zuba a gwiwarsa ba.

Yanzu muna kan littafi na huɗu, kuma yawancin shafukansa lokacin kwanciya da na tashi ne kawai a ciki. A bara uwargida ta rubuta ihu sau biyar, uku daga ciki a makon da na yi zazzaɓi, mafarkin kasuwa kuma ya zo sau biyu da hayaƙinsa. Mun daɗe da kashe ƙararrawar waya, amma ita har yau takan farka da kanta wajen ƙarfe sha ɗaya da 'yan mintoci, ta haska ni da tocila ta ga ko ina kwance lafiya, sannan ta daɗe kafin barci ya sake ɗaukarta. Na yi wa likitar maganar wannan a zuwanmu na ƙarshe, ta ce a zama na gaba uwargida ce za ta hau kujerar mara lafiya, ni kuma in zo da biro in riƙe mata littafin.